Matsalolin Sabunta Tsofaffin Shirye-shiryen Talabijin

Gabatarwa

A watan Oktoba na shekarar 1959 aka buɗe gidan talabijin na farko a Nijeriya, a birnin Ibadan, sa'an nan na Kaduna ya biyo baya a 1962. Akwatin da mutanen wancan zamani suke taruwa a gabansa ƙarami ne, fuskarsa 'yar madaidaiciya, hotonsa kuwa baƙi da fari. Talabijin na yau faffaɗa ne kamar allon aji, yana kuma fito da abu har silin gashi. Idan aka ɗauko shirin da aka yi domin akwatin farko aka saka shi a na biyu, sai a ga hoton ya yi dishi-dishi, fuskoki sun dagule, launi ya koɗe. Wannan ne ya sa kamfanonin talabijin, musamman na Amurka da Ingila, suka shiga aikin sabunta tsofaffin shirye-shiryensu, watau sake fito da su cikin hoto mai kaifi wanda aka fi sani da HD.

Mutane da yawa sun ɗauka aikin bai wuce a saka tsohon kaset a na'ura, a danna maɓalli, ya fito fes ba. Maƙasudin wannan lacca shi ne a nuna cewa sabuntawa ba ta iya fito da abin da kyamara ba ta ɗauka ba, ko abin da ɗakin ajiya bai adana ba. Makomar kowane shiri tana hannun mutum biyu: wanda ya zaɓi abin da za a ɗauke shi a kai tun ranar farko, da wanda aka ba amanar ajiye shi bayan an gama nunawa.

Layuka da Ɗigo

Kafin a gane matsalar, sai an san yadda hoton talabijin yake haɗuwa. Tsohon akwati yana zana hoto ne layi-layi, daga sama zuwa ƙasa, da saurin da ido ba ya iya kamawa. Tsarin da Nijeriya da yawancin ƙasashen Turai ta Yamma suka bi, mai suna PAL, yana da layi 625, amma 576 ne kaɗai suke ɗauke da hoto. Na Amurka da Japan, watau NTSC, yana da 525, waɗanda ake gani kuwa wajen 480 ne. Kafin waɗannan ma, Ingila ta yi amfani da tsari mai layi 405, tun daga 1936.

Idan aka mai da hoton PAL zuwa lissafin kwamfuta, yakan zama ɗigo 720 a kwance, 576 a tsaye, jimla 414,720. Cikakken hoton HD kuwa ɗigo 1,920 ne a kwance, 1,080 a tsaye, jimla 2,073,600, watau ninki biyar daidai. Wanda ake kira 4K ya ninka na PAL sau ashirin. Ma'anar wannan ita ce, duk wanda ya shimfiɗa tsohon hoto a kan sabon allo, to, cikin kowane ɗigo biyar, ɗaya ne kawai yake da asali. Sauran huɗun na'ura ce ta cike su da kintace.

Ana iya kwatanta abin da tsohuwar riga. Idan saƙarta mai kauri ce, zarenta a matse, to da zarar an kai ta karofi an sake rina ta, an buga, sai ta dawo da sheƙinta. Amma in tun asali saƙar shara-shara ce, babu rini ko bugun da zai ƙara mata zare ko da sili ɗaya.

Fim da Kaset

Saƙa mai kauri a wannan fage ita ce fim. Fim mai faɗin milimita 35, irin wanda ake yin finafinan silima da shi, ba ya aiki da layuka. Hoto yana kama jikinsa ne ta hanyar ƙananan ƙwayoyin sinadari masu jin haske, abin da yake riƙewa kuwa ya fi ƙarfin abin da tsohon talabijin zai iya nunawa nesa ba kusa ba. Saboda haka shirin da aka ɗauka a fim yana ɗauke da dukiyar da masu kallonsa na farko ba su taɓa gani ba.

Kyakkyawan misali shi ne wasan barkwanci na Amurka mai suna I Love Lucy, wanda aka nuna daga 1951 zuwa 1957. A lokacin, yawancin shirye-shirye kai tsaye ake watsa su daga New York. Taurarin wasan, Lucille Ball da mijinta Desi Arnaz, suka dage a kan su zauna a Los Angeles a ɗauki wasan a fim da kyamara uku, har suka yarda a rage musu albashi muddin finafinan za su zama mallakarsu. Albarkacin wannan shawara, ana iya kallon wasan garau bayan fiye da shekara saba'in.

Saƙa shara-shara kuwa ita ce kaset ɗin bidiyo. Kamfanin Ampex ya fito da na'urar ɗaukar bidiyo mai zare inci biyu a 1956, Sony ya fito da U-matic a 1971, da Betacam a 1982. Gidajen talabijin sun rungumi kaset domin ya fi fim araha da sauri: ba ya bukatar wanki, kuma ana iya gogewa a sake ɗauka. Illarsa ita ce layukan talabijin kawai yake riƙewa, ba ƙari. Wasan All in the Family, wanda aka fara a 1971, shekara ashirin bayan I Love Lucy, a kaset aka ɗauke shi, don haka ƙanen ya fi wan tsufa a ido.

A Ingila an daɗe ana gauraya hanyoyin biyu cikin shiri ɗaya: abin da aka yi cikin ɗakin ɗauka a kaset, abin da aka yi a waje a fim mai milimita 16. Mai sabunta irin wannan shiri yakan sami rabi ya yi kyau, in an dace fim ɗin yana nan, rabi kuwa ya tsaya inda yake. Wani lokaci ma tsautsayi ne yake zama alheri. Labarin Spearhead from Space na shirin Doctor Who, wanda aka nuna a 1970, an ɗauke shi gaba ɗaya a fim saboda yajin aikin da ya hana shiga ɗakunan ɗauka na BBC. Dalilin haka ya samu fitowa cikin HD na gaskiya a 2013.

Wanda Aka Ɗauka a Fim Aka Haɗa a Kaset

Matsala mafi wuya ta faɗa kan shirye-shiryen Amurka na tsakanin 1985 zuwa wajen 2000. A wannan zamani an ci gaba da ɗauka a fim, amma domin rage kuɗi sai a juye fim ɗin a kaset, a yi dukkan yanka da haɗi a can, tare da rubutu da daidaita launi da siddabarun hoto. Sakamakon haka, kammalallen shirin a kaset kaɗai yake. Abin da ke cikin gwangwanayen fim ɗanyen kaya ne wanda ba a taɓa jera shi ba.

Star Trek: The Next Generation, wanda aka nuna daga 1987 zuwa 1994 cikin kashi 178, shi ne shirin da aka fi buga misali da shi. Da kamfanin CBS ya ƙudura sabunta shi, sai da aka fito da naɗin negetif sama da 25,000 daga ma'adana, aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana neman ainihin ɗaukar da aka yi amfani da ita a kowane wuri, domin akan ɗauki magana ɗaya sau da yawa kafin a zaɓi guda. Bayan haka aka sake haɗa kowane kashi daga farko, ana gwada shi da tsohon kaset daƙiƙa bayan daƙiƙa. Jiragen sararin samaniya da ake gani a shirin ƙananan sassaƙe-sassaƙe ne da aka ɗauka a fim hawa-hawa, jikin jirgi daban, fitilunsa daban, taurarin bayansa daban. Duk sai da aka sake ɗora su bisa juna. A faifan gwaji da aka fitar a farkon 2012, an rasa negetif na daƙiƙa 13 a wani kashi, dole aka cike gurbin da hoton tsohon kaset, sai daga baya aka gano shi. Aikin bai kammala ba sai ƙarshen 2014.

Ƙannen wannan shiri biyu, Deep Space Nine da Voyager, sun fi shi wuya, domin da tafiya ta yi nisa an koma zana jiragensu da kwamfuta, a daidai kaifin talabijin na lokacin. Irin wannan zane ba shi da negetif da za a koma gare shi. Sai dai a sake zana shi sabo, wanda kuwa kuɗi ne mai yawa. Da aka sabunta Babylon 5, 'yan wasan sun fito da kaifi daga fim, amma zanen kwamfutar faɗaɗa shi kawai aka yi, kuma mai lura yana iya ganin bambancin.

Fasalin Allo

Tsohon allo yana da faɗi huɗu, tsayi uku. Na yau faɗi sha shida ne, tsayi tara. Mai sabuntawa yana da zaɓi uku, kowanne da hasararsa. Na farko, ya bar hoton yadda yake, da baƙin shafi a dama da hagu. Wannan shi ne mafi aminci, sai dai wasu masu kallo suna ƙorafin ba a cika musu allo ba. Na biyu, ya datse sama da ƙasa har hoton ya cika allo, abin da ke cinye kashi ɗaya cikin huɗu na hoton. Na uku, in akwai negetif, ya buɗe gefe da gefe ya fito da abin da kyamara ta ɗauka amma ba a yi nufin a gani ba.

An ga illar zaɓi na biyu a watan Nuwamba na 2019, lokacin da Disney+ ya saka tsofaffin kashi na The Simpsons a datse. Akwai wurin da ake nuna masana'antar giya tana cika manyan tukwane uku masu suna daban-daban, alhali bututu ɗaya ne yake zuba musu daga sama. Da aka datse saman hoton, bututun ya tafi, abin dariyar ya bi shi. Sai da masu kallo suka yi ta kuka kafin a maido da ainihin fasalin a watan Mayu na 2020. Illar zaɓi na uku kuwa ta bayyana a Buffy the Vampire Slayer, wanda aka sabunta a 2014: a wasu wurare an hango ma'aikatan ɗauka da kayan aikinsu a gefen hoto, wasu wuraren kuma da aka nufa dare ne suka fito da hasken rana, domin ba a maimaita duhun da aka sa musu a kaset ba.

Abin lura a nan shi ne, mai ɗaukar hoto yana tsara komai ne gwargwadon allon da ya sani. Haka ma mai kwalliya da mai gina dandali: sun san iyakar abin da layi 480 zai nuna, don haka ba su damu da ɓoye bakin gashin aro ko haɗin katako ba. Kaifin hoto yakan tona asirin da ba laifin kowa ba ne.

Gyaran da Ya Wuce Kima

Fim yana da wani ɗan burɗi-burɗi a fuskarsa, wanda ƙwayoyin sinadarin nan suke haifarwa. Akwai manhajar da ke share shi, amma in aka matsa mata hannu sai ta haɗa da ramukan fata da zaren tufafi, mutane su koma kamar an ƙera su da kakin zuma. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

A 'yan shekarun nan an shigo da ƙirƙirarriyar basira cikin aikin, musamman domin shirye-shiryen da kaset kaɗai suke da shi. Ita wannan manhaja an horar da ita ne da ɗimbin hotuna, saboda haka in ta ga dishi-dishin da ya yi kama da ido sai ta zana ido, in ta ga abin da ya yi kama da rubutu sai ta zana haruffa. Tana yin abin kirki wajen rage ƙura da daidaita gefen abubuwa. Amma abin da take ƙarawa kintace ne, shi ya sa akan ga fuskokin mutanen da ke can baya sun karkace, rubutun jikin bango ya zama zane marar ma'ana. Ɗaliban adabi sun san irin wannan a tsofaffin rubuce-rubucen ajami: mai kwafe littafi ya iske kalmar da tawada ta cinye, maimakon ya bar gurbi ya yi alama, sai ya sa wadda yake zato. Bayan shekara hamsin babu mai iya rarrabe maganar mawallafi da ta mai kwafe.

Akwai gyaran da ya tsaya kan amana. Wani kashi na wasan Dad's Army an yi shi da launi a 1969, amma kwafen baƙi da fari kaɗai ya rage. Masana suka lura cewa alamar launin ta bar wasu ƙananan ɗige-ɗige a jikin fim ɗin, suka rubuta manhajar da ta karanta su, aka nuna kashin da launinsa na asali a 2008. Bambancin a fili yake: a nan an tono abin da yake binne ne cikin kwafen, ba a ƙago kome ba. Haka kuma, da aka sabunta Star Trek na farko daga 2006 aka sake zana jiragensa da kwamfuta, faifan Blu-ray ya zo da tsohon siddabaru da sabo, aka bar mai kallo ya zaɓa.

Abin da Ya Ɓace da Abin da Ya Ruɓe

Duk bayanin da ya gabata ya ginu ne a kan cewa kayan suna nan. Sau da yawa ba sa nan. Daga wajen 1967 zuwa 1978 BBC ta goge kaset masu yawa ta sake ɗauka a kansu, ta kuma zubar da kwafen fim. Dalilanta a lokacin masu ƙarfi ne a idon ma'aikacin ofis: kaset yana da tsada, wurin ajiya ya yi kaɗan, yarjejeniya da ƙungiyar 'yan wasa ta taƙaita maimaita shiri, ga shi kuma talabijin mai launi ya shigo, ana ganin baƙi da fari ya gama amfani. Sai a 1978 aka tsai da wannan al'ada.

A nan ne labarin ya biyo ta Nijeriya. BBC takan sayar wa gidajen talabijin na ƙasashen waje shirye-shiryenta a fim mai milimita 16, bisa sharaɗin in an gama a mayar, ko a miƙa wa wata tasha, ko a lalata. A watan Oktoba na 2013 aka ba da sanarwar cewa wani mai binciken tsofaffin finafinai, Philip Morris, ya iske gwangwanayen Doctor Who a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos. Tara daga cikinsu kashi ne da aka fid da rai da su, na labaran The Enemy of the World da The Web of Fear, waɗanda aka nuna tsakanin 1967 da 1968. Wannan ya rage adadin ɓatattun kashi na shirin daga 106 zuwa 97 a lokacin. Abin da London ta zubar, kanta ce a Jos ta riƙe shi kusan shekara arba'in. Sai dai ko waɗannan ba su ba da HD na gaskiya, domin an same su ne ta hanyar kafa kyamarar fim a gaban allon talabijin. Fim ne, amma layukan talabijin ne a jikinsa.

Wanda ya tsira daga gogewa kuma bai tsira daga tsufa ba. Fim ɗin da aka ajiye cikin zafi da laima yakan fara wari mai tsami, ya ƙanƙance, ya lanƙwashe. Kaset kuwa, sinadarin da ke riƙe da maganaɗisunsa yakan sha danshi ya yi danƙo, in aka kunna shi sai ya saɓule a kan na'ura. Akan gasa irin wannan kaset cikin tanda ta musamman, a zafin digiri 50 zuwa 55 na ma'aunin Salshiyas, ya dawo hayyacinsa na ɗan lokaci, a yi maza a juye shi. Daɗin daɗawa, na'urorin kunnawa su ma suna ƙarewa: an daina ƙera na VHS a 2016, masu gyaran tsofaffin na'urori kuwa suna ta yin ritaya. Tun a 2015 hukumar adana finafinai da sauti ta ƙasar Ostireliya ta yi gargaɗin cewa kaset ɗin da ba a juye ba kafin 2025 yana cikin haɗarin salwanta har abada. Wa'adin ya riga ya zo.

Ko an sami kaya lafiya, akwai maganar haƙƙi. Waƙoƙin da aka sa cikin shiri akan sayi izininsu ne domin watsawa kawai. Wannan ne ya hana The Wonder Years, wanda aka gama a 1993, fitowa a faifai har sai 2014.

Kammalawa

Darasin bai tsaya ga Amurka da Ingila ba. Jama'ar ƙasar Hausa suna tunawa da Samanja da Magana Jari Ce daga Kaduna, da Karkuzu daga Jos, da ɗimbin hirarraki da makaɗa da malamai da sarakuna waɗanda tashoshin jihohi da na hukumar NTA, wadda aka kafa a 1977, suka ɗauka. Duk abin da aka ɗauka a kaset cikin waɗannan ba zai taɓa wuce layi 576 ba, kuma wannan ba abin kunya ba ne. Darajarsa tana cikin Hausar da aka yi, da suturar da aka sa, da muryoyin mutanen da suka riga suka kwanta dama. Da tsohuwar zuma ake magani.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin ma'aikatar gwamnati ba. Na farko, a ƙidaya abin da ke cikin sito, a rubuta sunan kowane kaset da shekararsa da irinsa. Na biyu, a raba shi da zafi da laima da ƙura. Na uku, a juye shi zuwa kwamfuta yadda yake, da fasalinsa da layukansa, ba datsewa ba kwalliya, a ajiye kwafe biyu a garuruwa daban-daban. Na huɗu, kada a zubar da na asali bayan an juye, domin dabarar gobe tana iya tono abin da ta yau ta kasa, kamar yadda ya faru da launin Dad's Army. Wanda yake son yin gyara ya yi a kan kwafe, ya kuma rubuta abin da ya taɓa.

Ɗalibin da zai nazarci wasan kwaikwayon Hausa nan da shekara talatin, abin da zai samu ya dogara ga jami'in da yake riƙe da makullin sito a yau, da wanda yake sa hannu a kan kasafin kuɗin ma'aikatarsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.